Wordle: Dabarun Cankar Kalmar Yau a Gwaji Shida

Wordle wasa ne na cankar kalma da ake yi a intanet. Kalma ɗaya tak ake ɓoyewa kowace rana, ta Ingilishi ce mai haruffa biyar, kuma ita ce kowa yake nema a ranar, ko a Kano yake ko a Landan. Ana ba ɗan wasa dama shida. Duk kalmar da ya rubuta, sai gurbin kowane harafi ya sake launi. Kore na nufin harafin yana cikin kalmar kuma ya zauna a gurbinsa. Ruwan ɗorawa na nufin yana ciki, amma wurin zamansa daban ne. Ruwan toka na nufin babu shi. Ba a karɓar tarkacen haruffa, dole abin da aka rubuta ya zama kalma da ke cikin kundin wasan. Idan dama ta shida ta wuce ba a gano ba, sai a bayyana amsar, a jira ƙarfe goma sha biyun dare kafin sabuwa ta fito.

Wanda ya ƙirƙiro wasan shi ne Josh Wardle, injiniyan manhajar kwamfuta ɗan yankin Wales na Birtaniya da a lokacin yake zaune a Brooklyn ta birnin New York, kuma daga sunansa aka samo sunan wasan. Ya yi shi ne domin abokiyar zamansa Palak Shah, kafin ya sake shi ga jama'a a watan Oktoba na 2021. A farkon Nuwamba mutum 90 ne suke yi, zuwa farkon Janairun 2022 sun haura 300,000, kuma a ƙarshen watan jaridar New York Times ta saye shi. Tushen dabarar ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Akwai wasan Jotto na 1955 da ake yi da takarda da alƙalami, akwai Mastermind na 1970 da ake cankar jerin launuka, akwai kuma shirin talabijin na Lingo da ya fara a 1987. Abin da Wardle ya ƙara shi ne taƙaita wasan zuwa sau ɗaya a rana, da hanyar nuna wa abokai sakamako ta murabba'ai masu launi ba tare da an tona kalmar ba.

Yadda ake karanta launuka

Launukan uku suna da sauƙin fahimta har sai an zo kan harafin da aka maimaita, nan ne sababbin 'yan wasa suke yawan ruɗewa. Wasan yana ba harafi launi ne daidai adadin da yake cikin amsar, kuma kore ne yake fara ɗaukar rabonsa. A ce amsar ita ce PLANT, aka gwada LLAMA. Harafin L na biyu zai yi kore domin gurbinsa ke nan, na farko kuwa zai yi toka, saboda L ɗaya ce a amsar kuma an riga an ba ta launi. Haka A ta tsakiya za ta yi kore, ta ƙarshe ta yi toka. Tokar da aka gani a nan tana nufin babu na biyun harafin, shi kansa yana nan. Idan kuwa babu wanda ya dace da gurbi cikin biyun, na hagu ne zai yi ruwan ɗorawa, na dama ya yi toka.

Akasin haka ma yana da muhimmanci. Harafi ya yi kore sau ɗaya ba ya nufin sau ɗaya ya zo. Wanda ya ga E ta yi kore a ƙarshen kalma bai da hujjar cire ta daga lissafin sauran gurabe. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kalmomin da aka ware domin amsa suna da harafin da aka maimaita, wasu ma har sau uku, kamar MUMMY da FLUFF. Yawancin mutane ba sa tuna wannan sai sun ci dama huɗu.

Ruwan ɗorawa kuma labari biyu yake ɗauke da shi: harafin yana nan, kuma ba a wannan gurbin yake ba. Rabi na biyun ne ake mantawa. Mayar da harafi mai ruwan ɗorawa gurbin da ya riga ya ƙi zama tambayar abin da aka riga aka san amsarsa ne.

Kundin kalmomi biyu

Duk dabarar wasan ta dogara ga sanin cewa kundi biyu ne a cikinsa. Na farko shi ne na kalmomin da ake karɓa a matsayin gwaji, kusan 13,000 a asalin wasan, cike da tsofaffin kalmomi da waɗanda ko Baturen Ingila bai taɓa ji ba. Na biyu shi ne na kalmomin da za su iya zama amsa, guda 2,315, waɗanda Palak Shah ta tace ta hanyar ware waɗanda ta sani daga waɗanda ba ta sani ba. Bayan cinikin, jaridar ta cire kaɗan daga ciki. A Nuwamban 2022 ta naɗa Tracy Bennett edita mai zaɓar kalmar kowace rana, kuma daga 2023 aka fara ganin amsoshin da ba sa cikin kundin amsoshi na asali, irin su GUANO, wato kashin tsuntsaye da jemagu da ake yin taki da shi. Duk da haka yanayin kundin bai sauya sosai ba, amsa kalma ce da mai karanta jarida zai iya sani.

Abubuwa da dama suna fitowa daga nazarin wannan ƙaramin kundi. Harafin E ne ya fi kowane yawa, ya bayyana fiye da sau 1,200, sai A, R, O, T, L, I, S, N da C suke biye. A can ƙasa akwai J, Q, X da Z. Kalmomi fiye da 350 suna farawa da S, babu harafin da ya kama ƙafarta a gurbin farko. Amma waɗanda suke ƙarewa da S ba su kai 40 ba, domin an cire jam'in da ake yi ta ƙara S, irin su BOOKS da TREES. Wannan ya saɓa wa abin da mai jin Ingilishi zai zata, kuma shi ne sani guda da ya fi saurin gyara wasan mai koyo: S a gaba take da amfani, a baya kusan asara ce. Gurbin ƙarshe na E ne da Y, sai T da R. Kalmomin shuɗaɗɗen lokaci masu ƙarewa da ED su ma ba su da yawa.

Kalmar buɗewa

Babu abin da 'yan wasa suke gardama a kai kamar kalmar da ta fi dacewa a fara da ita, kuma a nan ne lissafi ya fi ba da amsa mai tsabta. Gurabe biyar, kowanne da launi uku, suna ba da fasalin launuka 243. Kowace kalmar gwaji tana rarraba amsoshin 2,315 cikin waɗannan tulin 243, gwargwadon launukan da kowace amsa za ta haifar. Kalma mai kyau ita ce wadda take watsa amsoshin cikin tuli masu yawa kuma ƙanana, ta yadda duk launin da ya fito, abin da ya rage kaɗan ne. Kalma marar kyau, kamar FUZZY, tana jibge mafi yawansu a tuli ɗaya, na toka biyar, a tashi ba a san komai ba sai cewa babu wasu haruffa da dama ba a sa ran su.

Ana iya auna wannan da yawan rabawa biyu. Mai neman abu ɗaya cikin 2,315 da tambayoyin e ko a'a yana bukatar tambaya goma sha ɗaya zuwa goma sha biyu, idan kowace tana raba ragowar gida biyu daidai. Kalmar buɗewa mafi kyau tana yin aikin tambayoyi kusan shida a bugu ɗaya, ta bar wa ɗan wasa kalmomi wajen 60 a matsakaici. Wannan shi ne lissafin da Grant Sanderson, mai tashar 3Blue1Brown a YouTube, ya bayyana wa jama'a a Fabrairun 2022. A shekarar ne kuma Dimitris Bertsimas da Alex Paskov na jami'ar MIT da ke Amurka suka nuna cewa idan aka bi kowane mataki yadda ya fi dacewa, kalmar SALET, sunan wata tsohuwar hular ƙarfe ta yaƙi, ita ce ta fi, tana kai ga amsa a gwaji 3.42 a matsakaici, kuma ba ta taɓa wuce biyar. Manhajar WordleBot da jaridar ta fito da ita a Afrilun 2022 domin duba wasan mutum bayan ya gama ta fara ne da fifita CRANE, daga baya ta koma SLATE.

Duba waɗannan kalmomi zai nuna kamarsu ɗaya: wasali biyu, baƙi uku daga cikin waɗanda suka fi yawa, babu maimaici, kuma galibin haruffan suna zaune a inda aka fi samunsu. SLATE ta sa S a gaba, A a tsakiya, E a ƙarshe. TRACE, CRATE da STARE duk 'yan gida ɗaya ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai abin da mutum zai ji a jikinsa ba. Bambancinsu na kwamfuta ne da take riƙe da kundin gaba ɗaya a ka.

Kalmar da jama'a suka fi so kuwa ita ce ADIEU, saboda tana ɗauke da wasula huɗu, AUDIO ma tana da masoya. Hujjar tana da daɗin ji: a gama da wasula tukuna. Rauninta shi ne wasula ba su ne suke bambanta kalmomin Ingilishi ba. Wanda ya san akwai A a gurbi na uku da E a na biyar har yanzu yana gaban BLAME, GRADE, SHAPE, PLACE, STAKE, FLARE da wasu gommai. Wanda ya san akwai SH a farko da P a gurbi na huɗu ya kusa isa. Wasula biyar ne kacal, kuma ana gane su a hanya ko ba a neme su ba, domin ƙirar baƙaƙen tana nuna wanda zai shiga tsakaninsu. Baƙaƙe ashirin da ɗaya ne, su ne aikin. ADIEU ba ta hana cin wasa, sai dai tana jinkirta shi.

Tsakiyar wasa

Inda ake bambanta gwani da mai sa'a shi ne gwaji na biyu da na uku, ko da yake ba a cika maganarsu ba. Wasu suna riƙe kalmomi biyu da ba su da harafi ɗaya a tsakaninsu, su zuba su a jere ko mene ne ya fito. SLATE da CRONY misali ne mai kyau, domin a tare sun ƙunshi tara daga haruffa goma da suka fi yawa, I kaɗai ta rage. Wannan hanya tana da amfani ƙwarai idan gwajin farko ya dawo da toka zalla. Idan kuwa ya dawo da kore ɗaya da ɗorawa biyu, rufe ido a zuba kalma ta biyu da aka haddace watsi ne da abin da aka samu. Kalma ta biyu ta fi kyau idan ta yi aiki biyu a lokaci guda: ta matsar da masu ruwan ɗorawa zuwa sababbin gurabe, ta kuma shigo da baƙaƙen da ba a taɓa ba.

Misali zai fi bayyana yadda tunanin yake tafiya. An buɗe da SLATE, duka biyar suka yi toka. Wannan ba mummunan sakamako ba ne kamar yadda ake ji, an kawar da haruffa biyar manya. Aka bi da CRONY, sai R ta yi kore a gurbi na biyu, N ta yi kore a na huɗu, sauran suka yi toka. Yanzu A, E, O da Y duk sun fita, saboda haka gurbi na uku I ne ko U. Sanannun kalmomin da suka dace guda bakwai ne: BRING, BRINK, DRINK, DRUNK, GRIND, WRING da WRUNG. Mai gaggawa zai ɗauki wadda ta fara zo masa, sau da yawa DRINK. Idan amsar BRING ce ko WRING, launin da DRINK za ta bayar iri ɗaya ne, kore uku a tsakiya da toka a gefe biyu, sai a koma canke tsakanin biyu. GRIND ma haka, ba ta raba waɗannan biyun. Amma BRING tana ba kowace daga sauran shidan fasali na daban. Idan BRINK ce, ƙarshe kaɗai zai yi toka. Idan WRING ce, farko kaɗai. Idan GRIND ce, G za ta yi ruwan ɗorawa. Idan DRINK ce, gefe biyu za su yi toka. WRUNG da DRUNK za su nuna kansu da tokar I, sannan G ta raba su. Wanda ya zaɓi BRING yana da damar ci nan take daidai da ta kowace kalma cikin bakwai, kuma in bai ci ba, ya tabbata zai ci a gwaji na huɗu.

Abin lura shi ne babu sanin Ingilishi na musamman da ya raba DRINK da BRING a wannan matsayi. Abin da ya raba su shi ne zama a jero duk kalmomin da suka rage kafin a taɓa madannai, sannan a tambayi kowace: in ba ke ba ce, me za ki gaya mini game da sauran? Wasan ba shi da agogo. Mai takarda da biro a gefe, ko mai haƙurin zagaya haruffan da suka rage ɗaya bayan ɗaya yana gwada su a gurbin da babu kowa, yana gaban wanda ya fi shi yawan kalmomi amma yake bin abin da ya fara faɗo masa.

Wajen jero kalmomin, sanin haruffan da suke tafiya tare yana rage wahala. Q kusan kullum U ce take bin ta. H tana son zama bayan C, S, T, W da G. CK, NG da LL na ƙarshen kalma ne, BR, CL, ST da SP sun fi yawa a farko. Idan wasula sun ƙare babu wanda ya yi launi, Y ce take aikin wasali, kamar a CRYPT da NYMPH. Idan kuma haruffan da suka rage sun ƙi haɗa kalma ko ta yaya, mafi yawan lokaci maimaici ne ba a lissafa ba.

Ramin kore huɗu

Da yawa daga cikin waɗanda suke faɗuwa a Wordle ba rashin haske ne yake kayar da su ba, sukan faɗi ne da kore huɗu a gabansu. Ingilishi yana da iyalan kalmomi da harafi ɗaya kawai ya raba su. Akwai masu ƙarewa da IGHT, irin su LIGHT, MIGHT, NIGHT, RIGHT, SIGHT, TIGHT da FIGHT. Akwai masu ATCH, akwai masu OUND, akwai masu ASTE. PARER, wato abin feraye 'ya'yan itace, da ta fito a Satumban 2022, ta karya jerin nasarar mutane masu ɗimbin yawa saboda ta haɗa masifa biyu: tana cikin iyalin PAPER, PAYER, PALER da PAGER, kuma harafin da ya rage maimaici ne na R da ta riga ta yi kore.

A ce an gwada ROUND a dama ta uku, huɗun ƙarshe suka yi kore, kuma an riga an kawar da S. Saura BOUND, FOUND, HOUND, MOUND, POUND da WOUND, kalma shida, dama uku. Wanda ya ci gaba da sauya harafin farko yana da rabin damar tsira, rabin damar faɗuwa. Mafita ita ce a sadaukar da dama guda, a bar koren nan huɗu, a rubuta kalmar da aka san ba ita ce amsa ba amma ta tattara haruffan da ake shakka a kansu. WHOMP tana ɗauke da W, H, M da P. Duk wanda ya yi launi cikinsu ya faɗi amsar, a ci a dama ta biyar. Idan babu wanda ya yi, saura BOUND da FOUND, ga dama biyu. Faɗuwa ta fita daga lissafi gaba ɗaya.

Wannan mataki yana da nauyi a zuciya, domin mutum yana ganin kamar ya juya baya ne alhali yana bakin ƙofa. Ƙa'idar da take taimakawa mai sauƙi ce: a ƙirga kalmomin da suka rage, a ƙirga damar da ta rage. Idan kalmomin ba su fi damar yawa ba, a ci gaba da canke kai tsaye. Idan sun fi, kuma babu ɗaya cikinsu da take raba sauran, a fita waje a yi tambaya. Wanda burinsa ya ci a gwaji kaɗan ko da zai faɗi wata rana yana iya yin kasada, amma mai kiyaye jerin nasararsa ba shi da dalilin yi.

Akwai salo mai tsauri da ake kunnawa a saitin wasan, wanda yake tilasta a bar kowane kore a gurbinsa, a kuma sa kowane mai ruwan ɗorawa a duk gwajin da zai biyo baya. A wannan salo ƙofar WHOMP a rufe take. Saboda haka dabarar tana komawa baya: ana guje wa ramin tun kafin a faɗa. Mai wasa a salo mai tsauri da ya ga O da N sun yi launi a gwaji na biyu ya kamata ya tuna da iyalin OUND, ya zaɓi kalma ta gaba da za ta gwada baƙaƙen farko da yawa kafin ya kulle kansa da kore huɗu. A nan samun kore da wuri yana iya zama sarƙa.

Haske daga waje

Jaridu da mujallu da yawa suna wallafa ɗan haske kan kalmar kowace rana, kuma galibi tsani ne mai hawa-hawa: yawan wasulan da ke ciki, ko akwai maimaici, harafin farko, ma'anar kalmar a lulluɓe, daga ƙarshe amsar kanta. Nauyin matakan ba ɗaya ba ne, kuma lissafin da ya gabata yana nuna ƙimar kowanne. A ce wa mutum babu maimaici, an rage masa kashi ɗaya cikin uku kawai, bai kai darajar tambaya ɗaya ta e ko a'a ba. A ce masa akwai maimaici, an zubar masa da kashi biyu cikin uku, an kuma tuna masa da abin da ya fi mantawa. Harafin farko ya danganta da wane ne: S tana barin ɗaruruwa, K ko J kuwa 'yan kaɗan. Bayanin ma'ana shi ne yake sauya wasan ɗungurungum, domin ya mayar da shi kacici-kacici na fassara, launuka sun zama ado. Daga nan sai ba da gari.

Lokacin duba hasken ma yana da tasiri. Kafin gwajin farko, sanin harafin farko yana rage wani abu, amma kalmar buɗewa mai kyau ta fi shi ba da labari. Bayan gwaji na uku ko na huɗu, sa'ad da aka maƙale tsakanin 'yan kalmomi, wannan harafi ɗaya yakan warware komai. Wanda zai nemi taimako ya fi cin riba idan ya jinkirta shi, ya kuma tsaya a matakin tsani mafi ƙasa da zai fitar da shi. Da yake kalmar tana sauyawa ne da tsakar daren kowace ƙasa, mutanen New Zealand da Ostareliya sun riga sun gama kafin gari ya waye a Afirka ta Yamma, shi ya sa ake iya cin karo da amsar a kafofin sada zumunta ba a nema ba.

Akwai haske guda da ya shafi duk wanda ya yi makaranta a Nijeriya ko Gana, inda ake koyar da rubutun Ingilishin Birtaniya. Wasan yana bin rubutun Amurka ne. FAVOR da ta fito a Janairun 2022 ta tayar da ƙura a Birtaniya, domin a can haruffa shida ne da U a ciki, haka ma HUMOR da ta biyo baya. Idan aka ga kalma tana neman ƙarewa da OR ko ER inda aka saba ganin OUR ko RE, kamar FIBER, to a sa ta a lissafi.

Idan harshen ya sauya

An kwaikwayi wasan a harsuna da yawa. Masu Fotugisanci suna da Termo. Masu Faransanci suna da Sutom, wanda aka juya sunansa daga shirin talabijin na Motus, inda ake ba da harafin farko kyauta kuma tsawon kalmar yake sauyawa daga rana zuwa rana. Hanyar tunanin tana nan a kowanne, wato zaɓar gwajin da ya fi rarraba ragowar, amma duk abin da aka sani game da yawan haruffa da wurin zamansu sai an sake koyonsa.

Hausa misali ce mai kyau ta yadda ƙirar harshe take juya dabarar. Yawancin kalmominta gaɓoɓi ne na baƙi da wasali, shi ya sa masu haruffa huɗu da shida suka yi yawa, kamar gida da makami. Kalma mai haruffa biyar takan zo ne a ɗaya daga 'yan siffofi kaɗan: baƙi biyu a tsakiya kamar sarki da hanci, tagwan wasali kamar kaifi da sauri, baƙi mai haruffa biyu a farko kamar shanu da gwani, ko baƙi a ƙarshe kamar mutum da tebur. Gano siffar kaɗai ya ci rabin aikin, abin da babu kamarsa a Ingilishi. Wasalin a ya mamaye harshen har ganinsa ya yi launi ba wani labari ba ne, inda ya zauna ne labarin. Mai tsara irin wannan wasa da Hausa sai ya yanke hukunci kan sh da ts, ko gurbi ɗaya za su ci kamar yadda suke a jerin abacada ko biyu, da kuma 'y da ake rubutawa ƴ a Nijar. Haruffa masu lanƙwasa dole su tsaya da ƙafarsu, in ba haka ba kauri da ƙauri sun zama kalma ɗaya.

Ramin kore huɗu kuwa ya fi zurfi a Hausa, domin baki biyu gare shi. Ta gaba akwai iyalai irin su kauri, ƙauri, sauri, tauri, ɗauri da hauri, ko wanka, yanka, tanka, banka da canka. Ta baya kuma akwai wasalin ƙarshe, wanda a Hausa yake sauya ma'anar aikatau ba tare da taɓa saiwar kalmar ba. Wanda ya samu ɗ, a, u da r duka kore yana gaban ɗaura, ɗaure, ɗauri, ɗauro da ɗauru, wasula biyar duka suna aiki, kuma a da u da suka riga suka yi kore ba su fita daga lissafin gurbin ƙarshe ba.